'Yan bautar ƙasa a garinmu, tauraro huɗu na ba su cikin biyar

Ni shagon caji da POS nake riƙewa a bakin tasha, kuma lojin kofa, wato masaukin 'yan bautar ƙasa, bayan shagona yake, don haka abin da zan faɗa gani na yi ba ji ba. Tun 1973 Janar Gowon ya kafa NYSC, wato shirin bautar ƙasa, bayan yaƙin basasa don yaran Kudu su zo Arewa namu su je can, su yi sati uku a kam sannan a watsa su garuruwa, mu dai sai mu gan su da kaki da farar riga suna tambayar ina ake sayar da ruwan leda.

Gaskiya an amfana. Sakandaren garinmu ta daɗe babu malamin lissafi tsayayye, sai aka turo wani yaro daga Inugu, wallahi yaron nan har Asabar yana tara 'yan SS3 a gindin darbejiya da ɗan allonsa da ya saya da kuɗinsa, ƙanwata da ke gudun lissafi kamar kura ita ce yanzu take koya wa na ƙasa da ita. Hausarsa kuwa a wajen mai shayi ya koya, kafin wata shida ya iya ciniki har ya fi mu taurin kai. Akwai kuma wata Bayarabiya da ta ɗauki ranar CDS ɗinta, wato ranar hidimar al'umma, tana shiga gida gida tana koya wa mata haɗa sabulun ruwa, matar yayana har yau da shi take adashi. Kuma tunda alawus ya tashi daga 33,000 zuwa 77,000 a 2025 mu ma 'yan kasuwa mun ji a jikinmu, ɗan acaba da mai awara duk suna samu.

Tauraro ɗayan da na cire ba nasu ba ne kaɗai, har da mu. Shekara ɗaya ce fa, da yaro ya saba da malami sai ka ji an yi fasin aut ya tattara ya tafi, kuma babu wanda ya zauna kusa da shi ya karɓi aikin, ɗan laburaren da wasu suka haɗa a aji ɗaya yanzu gara ce ke karatu a ciki, abin yana min ciwo sosai. Ga lojin nasu babu ruwa babu wuta, mu da muke cewa baƙonka annabinka. Sannan matsalar tsaro ta sa da yawa suna neman canjin jiha tun daga kam, ban ga laifin iyayensu ba.

Bana mutum uku kawai aka kawo mana, na riga na gaya musu cajin waya kyauta ne a shagona har su gama.