Sharhi kan Blender, manhajar da nake haɗa katun da ita

Duk mai son haɗa katun da Hausa kuma aljihunsa ba nauyi, shawarata ya fara da Blender. Da ita nake aiki a nan Jos, ina haɗa gajerun katun na tatsuniya don yara, kuma ba ta taɓa neman ko sisi daga wurina ba. Ton Roosendaal, mutumin Holan, shi ya ƙirƙiro ta. A 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 aka fanso ta bayan kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe, tun daga nan ta zama ta kowa. Da zarar ka sauke ta daga shafinta, ba ka buƙatar intanet kafin ka yi aiki.

A cikinta kaɗai za ka sassaƙa mutum, ka sa masa ƙasusuwan da za su motsa shi, ka kunna fitilu, ka saita kyamara, har ka yi tacewa da jera murya. Mai zanen hannu ma akwai Grease Pencil, wato alƙalamin zane da ke cikin manhajar, dominsa. Wasu na raina ta saboda kyauta ce, alhali da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya haɗa fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025.

Inda take cin rai shi ne wajen renda, wato fitar da hotunan ƙarshe. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, minti ɗaya kenan hoto 1,440. Idan ka zaɓi injin Cycles, mai bin haske dalla-dalla, kuma kowane hoto ya ci maka minti biyu, sai kwamfutarka ta yi awa 48 tana gurnani kafin ka ga minti ɗaya. Wa ke da wutar awa 48 a jere? Shi ya sa na koma Eevee, injin da ya zo da fitowar 2.8 a 2019. Haskensa bai kai na Cycles zurfi ba, amma yana da sauri ƙwarai, kuma yara ba sa lura da bambancin. Sannan kada ka fitar da aikin kai tsaye a matsayin bidiyo. Fitar da shi hoto-hoto cikin folda, ko an ɗauke wuta sai ka ɗora daga lambar da ya tsaya. Sanyin Jos kan taimaka kaɗan, domin da hunturu kwamfutata ba ta yin zafin da take yi a watan Maris.

Kayanmu kuwa sai ka ƙera su da kanka. A intanet za ka tarar da kujeru da motoci da gidajen Turawa birjik, amma da wuya ka sami zaure ko randa ko hular zanna. Babbar riga ce ta fi ba ni wahala. Dattijon da ke cikin tatsuniyata yana ɗaga hannu ya gyara rigarsa a kafaɗa, sai yadin ya ratsa ta cikin damtsensa ya ɓullo ta baya. Sai da na rage nauyin yadin, na ƙara yawan lissafin da manhajar ke yi na karon yadi da jiki, sannan ta zauna yadda ya kamata. Daidaita leɓe da magana kuma da hannu nake yi, ina sauraron muryar ina rufe bakin a kan kowane b da ɓ da m.

Abin da ya fi damuna shi ne koyarwarta kusan duk da Turanci take, ga maɓallan gajerar hanya masu yawa. A Jos, garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim suke, ya kamata a ce akwai masu koyar da wannan sana'a da Hausa a kowace unguwa. Mai farawa ya tanadi linzamin kwamfuta mai ƙaramar taya a tsakiya, don da shi ake juya kallo a cikin Blender, kuma idan zai sayi kwamfuta ya fara tambayar katin hotonta, wato ɓangaren da ke sarrafa hotuna, kafin komai.