Shafin intanet ko manhajar lissafin kaya: wanne ya dace da shagon taki?

Alhaji, ka ce kana da shagon taki, iri da maganin feshi a Sabon Garin Zariya, kuɗin hannunka kuma abu ɗaya za su iya: ko a buɗe maka shafin sayarwa a intanet, ko ka sa manhajar lissafin kaya da bashi. Kafin ka zaɓa, ka duba abin da ke sa manomi ya wuce shago uku ya tsaya a naka.

Shafin intanet aikinsa jawo wanda bai san ka ba. Ya dace da mai sayar da takalma ko turare a Samaru, wanda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne masu sayensa, waya ba ta barin hannunsu. Shi ma ɗin WhatsApp Business ya ishe shi jera hotuna da farashi. Amma manomin Giwa ko Soba ba zai sayi buhun takin NPK ta hoto ba. Sai ya taɓa buhun, ya duba ɗinkin bakinsa, ya tabbata ba a farke an cakuɗa ba.

Manhajar lissafi kuwa tana tsare maka abin da ka riga ka fi maƙwabta, wato amana da bashi. Na zauna a shagon kawuna damina biyu, na ga littafin bashi da ruwa ya jiƙa, tawada ta baje a kan sunaye, da kaka ta yi aka yi ta rantse-rantse. Da manhaja za ka san wa ya ɗauki takin yuriya buhu nawa a watan Yuni, yaushe ya ce zai biya, wane maganin ciyawa ne wa'adinsa ya kusa cika a kan kanta, wane iri ne ya yanke maka bara tun ruwa bai zauna ba. Na ƙarshen nan shi ya fi ciwo, domin wanda ya zo a makon shuka bai samu ba, ya tafi ke nan sai baɗi.

Ni dai manhajar nake ba ka shawara, da sharaɗi: wadda ke aiki a waya ko babu data, tana kuma ajiye kwafi a intanet saboda ɓatan waya. Ta kuma zama wadda yaron shago zai iya cikin kwana biyu, in ba haka ba littafi zai koma. POS kuwa ba ya cikin zaɓi, duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san ya zama dole.