Sandar kamun kifi mai inji ta 'yan kanti: abin da na gani a bakin ruwan Tiga

Masu tambayata ko sandar nan mai naɗewa ta cancanci kuɗinta, amsata a taƙaice ita ce sandar kanta babu laifi, injin naɗe zaren ma da dama-dama, amma zare da ƙugiyoyin da aka cuso a cikin jakar kam ku nemi bola ku zuba tun kafin ku bar gida.

Irin wacce ake shigowa da ita daga Chana ce, ba wani suna na kirki a jikinta sai rubutun tsawo, mita 2.1, idan ka tura gaɓoɓinta suka shige cikin juna tana komawa 'yar guntuwa ta shige jakar goyo. Cikin jakar akwai injin an riga an naɗa masa zaren roba, da ƙugiyoyi, da 'yar dalma ta nutsar da koto, da wasu kifayen roba masu ƙyalli guda-guda waɗanda mai shago ya rantse min wai kifi na ganinsu yake haukacewa. To dai. Ni kifin da na ga ya haukace bai wuce ni da mutumina da muka ƙona mai har Tiga ba.

Tiga muka fi zuwa saboda ruwan akwai faɗi kuma akwai duwatsun zama, dam ɗin nan da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, wanda har yau ruwansa ne ke shayar da shinkafa da tumatirin su Kadawa da Kura. Wurin da daɗin hutawa wallahi, musamman da sassafe kafin rana ta buɗe.

Matsalar zaren nan kuwa, ya daɗe a naɗe a kan inji har ya riƙe siffar naɗin, kana ɗaga 'yar wayar nan da ke tare shi sai ya zubo gaba ɗaya zobe-zobe ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana a tukunya, sai ka zauna kana warwara da haƙori da farce alhali yaran ƙauyen da ke gefenka da sandar gora da zaren da bai fi kamu shida ba sai cillo karfasa suke kan tudu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya matso ya leƙa injin yace "Oga wannan na kamun kifi ne ko na ɗinki?" Ban tanka masa ba.

Wanda ya cece mu wani dattijo ne masunci da ya fito da kwalekwale yana gyaran kallinsa, wato ragarsa ta kamun kifi. Ya karɓi ƙugiyar ya juya ta, ya matsa da yatsa biyu ta miƙe sumul, yace "ɗana wannan ai allurar kitso ce", kuma ko da ta yi ƙarfi ta yi wa bakin karfasa girma, ita karfasa tsotsar koto take tana mintsina kaɗan-kaɗan har ta cinye ta bar ka da ƙarfe. Nace Baba to kifayen robar nan fa? Ya yi dariya har da tari. A bayaninsa abin roba mai motsi sai kifi mai farauta irin tsage ko giwan ruwa, karfasa dai ganye da gansakuka ta fi so, tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo da gashin bakinta tana bin wari, ka ba ta tana ko hanjin kaza shike nan. Ya ɗaura min ƙaramar ƙugiya cikin nasa, ya tono tana a taɓon gefen ruwa, ko sisi bai karɓa ba sai goro.

Daga nan ne sandar ta nuna amfaninta, dole in faɗi gaskiya. Jifa tana kai wa nesa sosai, inda sandar gora ba za ta taɓa kaiwa ba, kuma kan sandar yana da laushi, kifi na taɓa koto za ka ga ya ɗan rusuna. Akwai wani ɗan murfi a goshin injin da ake murɗawa, shi ke sa zare ya riƙa saki idan kifi ya ja da ƙarfi maimakon ya tsinke, kada a ɗaure shi tamau. Da shi na fito da tarwaɗa mai tsawon kamu ɗaya, ba wata babba bace amma yadda ta riƙa fizga sandar tana lanƙwasa injin yana ƙara ƙirrr, kai jama'a, na gane abin da ke sa manyan mutane su bar aiki su zauna bakin ruwa wuni guda.

Mutumina kuwa nasa labarin daban ne. Jifansa na farko ya wana sandar ta baya bai duba ba, ƙugiya ta ɗauke hulata zanna bukar daga kaina ta tafi da ita tsakiyar ruwa, haka muka tsaya muna kallo yana naɗo ta a hankali tana tafe tana juyi, yaran nan suna tafi wai an kama babba. Can anjima sandar ta lanƙwashe a hannunsa ta ƙi motsi, ya fara ihu giwan ruwa ce wallahi a ɗauke shi bidiyo, har yana cewa baɗi Argungu zai je, shi da ko iyo bai iya ba, can kuwa da ragar koma da gora ake faɗawa kogin Matan Fada, kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Ya yi ta kokawa gumi na zuba, da abin ya taso sai ga tsohon taru ya naɗe da reshen itace da silifas wari ɗaya. Bidiyon yana nan a wayata, duk ranar da ya min rashin kunya zan sake shi.

Daga baya dai ya kama kurungu ɗan ƙarami, shi ma bai ƙare lafiya ba don ya damƙe shi da hannu, shi kuma kurungu idan ya fito ruwa ƙayoyinsa na gefe da na baya miƙewa suke su kulle, ga wata gurnani da yake, sai da ya soke shi a tafin hannu. Wannan ba laifin sanda bane amma da masu haɗa jakar sun sa ɗan filaya na cire ƙugiya a madadin kifayen roban nan da sun kyauta.

A gida uwargida ta kalli tarwaɗar a roba ta tambaye ni kuɗin man da muka sha, ta yi lissafi da yatsu tace da 'Yankura na je da farfesun har maƙota. Duk da haka ta dafa, kuma ita ta cinye kan.

Taurari uku cikin biyar nake ba ta. Wanda zai saya ya sauya zare, ya sayi ƙugiya a hannun masunta, kuma kada ya ajiye ta a ƙasa ko na minti ɗaya, don rairayi na shiga tsakanin gaɓoɓin sai su cije. Tawa gaɓa ta uku ta cije tun zuwanmu na baya, mun zuba man gyaɗa mun zuba ruwan zafi ta ƙi komawa, haka na goyo ta a babur tsaye har cikin gari 'yan adaidaita suna min hon suna tambaya wai eriya nake sayarwa.