Tsaunukan Gat na Yamma da na Gabas a Indiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsaunukan Gat na yamma da na gabas iri ɗaya ne, tunda sunansu ɗaya kuma kowanne yana bin gaɓar teku. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Tushen bambancin shi ne tudun Dekan da ke tsakaninsu, wanda ya karkata gabas kamar farantin da aka ɗaga gefensa guda.

Gefen da aka ɗaga ɗin shi ne yamma. Tsaunukan can sun miƙe a jere kusan kilomita 1,600, daga wajen kogin Tapti har ƙarshen kudancin ƙasar, kuma babban giɓin da ya tsinka su shi ne na Palakkad, mai faɗin kimanin kilomita 30. Ƙololuwarsu, Anamudi a jihar Kerala, tsayinta mita 2,695. Daga Yuni zuwa Satumba iskar damina tana tasowa daga Tekun Arabiya ta ci karo da su, ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke ruwanta a nan. Shi ya sa ɓangaren teku yake da daji mai duhu, bayan tsaunukan kuwa ruwan sama kaɗan ne. Albarkar wannan dajin ce ta sa UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya a 2012.

Abin da ya fi burge ni shi ne koguna. Godabari tana ɓuɓɓugowa kusa da birnin Nashik, kimanin kilomita 80 kacal daga Tekun Arabiya, amma sai ta juya masa baya, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,400 zuwa Tekun Bengal. Haka Kirishna da Kaberi, su ma daga yamma suka taso suka nufi gabas.

To, manyan koguna irin waɗannan su ne suka daddatse tsaunukan gabas. Daga jihar Odisha zuwa jihar Tamil Nadu, tarin duwatsu ne a warwatse, duwatsun da suka fi na yamma tsufa, zaizaya ta ci su ƙwarai. Mafi tsayinsu bai kai mita 1,700 ba. Amma kada ka raina gabas: filin bakin tekunta ya fi faɗi, kuma lakar da kogunan ke zubarwa a can ita ke ciyar da manyan gonakin shinkafa, alhali filin yamma siriri ne, a matse tsakanin dutse da teku.

Idan kana duba taswira, nemi tsaunukan Nilgiri a kudu. A wajen ne jerin biyu suke haɗuwa.