Gargaɗi Kan Masu Sayar da Irin Kariya na Bogi a Katsina

Ina jan hankalin duk mai sha'awar shuka furanni a birnin Katsina da kewaye, musamman iyayenmu mata masu ƙawata tsakar gida da masu sababbin gidaje a unguwannin bayan ganuwa, game da wasu 'yan damfara da suka mayar da itaciyar kariya hanyar cin kuɗin jama'a. Suna tallata hajarsu a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, suna nuna hoton kariya mai fure shuɗi, ko baƙi ƙirin, ko mai launuka barkatai a kan fure guda, su ce iri ne da aka shigo da shi daga Tailan, a tura kuɗi ta asusun banki, su kuma za su aiko da ƙunshin ta hannun direba a tasha. Furen da ke cikin waɗannan hotuna ba a tukunya aka rene shi ba, a waya aka rina shi, kuma duk wanda ya tura kuɗinsa domin samun irinsa ya yi asara tun kafin saƙon ya iso.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kariya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Itaciya ce ta yankin Sahel, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Sudan, da gabashin Afirka, da kudancin yankin Larabawa, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya. Dattawanmu sun san ta da gindinta mai kauri inda take ajiye ruwa, da rassanta masu taushi, da yadda take zubar da ganye idan hunturu ya kama sannan ta cika da fure ruwan hoda a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta bushe ƙurmus. Masu renon furanni a ƙasashen Asiya, musamman Tailan da Taiwan da Indiya, su ne suka ɗauke ta suka yi ta haɗa nau'o'inta har suka fitar da masu fure ja wur, da fari, da masu zane-zane, da masu fure ninki biyu ko uku. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma ana samun su. Amma har yau babu wanda ya fitar da kariya mai fure shuɗi, kuma wadda ake kira baƙa a kasuwannin duniya ja ce mai duhu sosai, wadda jan nata ke bayyana da zarar rana ta haska ta.

Ko da a ce hoton na gaskiya ne, alƙawarin da ake yi a kan ƙwayar iri ƙarya ne, kuma nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi nazari. Duk wanda ya taɓa shuka ƙwallon mangwaro mai aure ya san cewa itacen da zai fito ba lallai ya ba shi 'ya'ya irin na uwar ba, shi ya sa ake zuwa wurin masu reno a sayi dashen da aka riga aka yi wa aure. Haka kariya take. Ƙwayar da aka ɗebo daga mai fure ninki-ninki tana iya fitar da fure ɗaiɗai ruwan hoda, irin wanda ke jikin katangar maƙwabcinka, domin launi da siffar furen ba sa bin iri yadda suke. Su kansu manoman Tailan ba da ƙwaya suke yaɗa fitattun nau'o'insu ba, yanko reshe suke yi su aura shi a kan gindin kariyar da aka tsirar daga iri. Saboda haka mutumin da ya zuba ƙwayoyi a 'yar leda, ya manna hoto a jiki, ya rantse cewa kowace ƙwaya za ta ba da wannan launi daidai, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuma ya sani ya zaɓi cutar mutane.

Sau da yawa ma abin da ke cikin ledar ba irin kariya ba ne. Irin kariya na ainihi siriri ne, tsawonsa kusan santimita 1, launinsa ƙasa-ƙasa mai haske, ba shi da nauyi, yana fitowa ne daga kwanso biyu dogaye da ke manne a gindi ɗaya, kuma kowace ƙwaya tana da tuntun gashi a kai da gindi wanda iska ke ɗaukar ta da shi. Idan sabo ne yakan tsira cikin mako guda ko kwana 10 a ƙasa mai ɗumi, idan kuwa ya yi watanni a ajiye ƙarfinsa yana raguwa ƙwarai. Duk wanda aka aiko masa da ƙwayoyi ƙanana zagayayyu, baƙaƙe ko masu sheƙi, ya tabbata wani abu dabam aka ƙunsa masa.

Waɗannan mutane sun zaɓi kariya ne saboda jinkirinta. Tsiron da ya fito daga ƙwaya yakan ɗauki shekara guda, wani ma biyu ko fiye, kafin ya nuna furensa na farko, kuma cikin wannan tsawon lokaci mai saye yana ban ruwa yana jira, bai san an cuce shi ba, har yana nuna wa 'yan'uwa da abokai shafin da ya saya su ma su tura nasu kuɗin. Ranar da furen ya buɗe ya fito ruwan hoda, shafin ya canja suna, lambar waya ba ta shiga, asusun da aka tura wa kuɗin ma sunan wani ne dabam.

Akwai kuma salo na biyu wanda ba a intanet ake yin sa ba, ido da ido ake yi, kuma na gan shi a cikin unguwarmu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko jikanta da tukunya a duba mata, wai kariyar da ta saya hannun wani mai yawo da dashe a baro ta fara yaushi, alhali ranar da ta saya tana ɗauke da fure jajaye masu kyau. Da na je na gaishe ta, sai ta ce, "Malam, ni dai ban fasa ba ta ruwa ba safe da yamma, kamar yadda yaron ya ce." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri in taɓa gindin." Ina kama reshen da yatsu biyu sai ya zaro daga ƙasar ba tare da wata tirjiya ba. Babu saiwa ko ɗaya a jikinsa. Ƙarshensa yankan wuƙa ne a karkace, ya yi baƙi ya yi laushi, ina matsawa ruwa mai wari ya tsattso, kuma ƙasar da ke cikin ledar laka ce jiƙaƙƙiya da aka danna domin ta riƙe shi tsaye. Reshen kariya yana da ruwa a jikinsa, don haka yana iya yin kwanaki a yanke ganyensa da furensa ba su nuna alamar komai ba, kuma mai baro ya san da haka sarai. Dasa reshe hanya ce halastacciya ta yaɗa kariya, idan an bar bakin yankan ya bushe na wasu kwanaki a inuwa sannan aka kafa shi a yashi har ya yi saiwa. Zambar tana wajen sayar da yankan jiya da sunan dashen da ya kama, da kuɗin dashen da ya kama, sannan a umarci mai saye da yawan ban ruwa wanda shi ne zai ruɓar da shi, ta yadda in ya mutu zai ɗora laifin a kan kansa.

Wasu kuma auren ƙarya suke yi, su soka reshe mai fure a kan gindin kariyar gida da tsinke ko gam, su naɗe mahaɗar da leda. Auren da ya kama yana barin tabo a zagaye wanda ya warke ya haɗe da fatar gindin, kuma ba ya motsi idan an taɓa. Itaciya ɗaya mai rassa launi daban-daban abu ne mai yiwuwa, amma sai an aura kowane reshe da kansa, kuma kowanne zai nuna tabonsa.

Da'awar cewa kaya daga waje suka zo ma tana da hanyar tantancewa. Shigo da tsirrai ko iri cikin Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, wato NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka ɗauko shi. Ɗan kasuwar da yake shigo da kaya da gaske ba zai ji haushi ba idan aka tambaye shi waɗannan takardu. Wanda ya amsa da cewa saura ƙunshi uku kacal, a yi sauri a tura kuɗi kafin su ƙare, ya riga ya ba da amsa.

Shawarata ga mai son kariya ita ce ya taka da ƙafarsa zuwa wurin masu renon furanni da ke da mazauni sananne, waɗanda zai iya komawa ya same su bayan wata shida, ya sayi dashen da furensa ke buɗe a gaban idonsa. Ya matsa gindin ya ji shi da tauri, domin gindi mai laushi ruɓa ce ta fara. Ya girgiza itaciyar a hankali ya ga ko ƙasar na motsi tare da ita, ya leƙa ƙasan ledar ko zai ga fararen saiwoyi sun leƙo, in ya cancanta ya nemi a yaga ledar a gabansa. Ya goga furen da jiƙaƙƙen yatsa, domin akwai masu fesa launi. Idan kuma dole ta nesa za a yi cinikin, to a nemi bidiyon kiran waya kai tsaye a ga itaciyar a hannun mai sayarwa, kada a yarda da hoto, kuma kada a biya duka sai kaya sun iso.

Wanda ya samu ta gaske ya sani cewa yanayin Katsina nata ne, ba ta buƙatar wani ruwan magani na musamman da ake haɗawa da ita a kwalba marar suna, wai shi ke canja launin fure, domin babu takin da ke mayar da ruwan hoda shuɗi. Abin da take so shi ne rana mai yawa, da ƙasa mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, da tukunya mai huji a ƙasa. Kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe, a rage ƙwarai a watannin Disamba da Janairu lokacin da ta zubar da ganye, a kuma kula a watan Agusta kada ruwan sama ya kwanta mata a tukunya. Akwai kuma abin da ban taɓa jin mai talla ya faɗa ba, alhali shi ya fi komai muhimmanci a gidan da ke da yara da awaki: ruwan jikin kariya guba ne mai taɓa zuciya, wanda a wasu sassan Afirka aka daɗe ana sa shi a dafin kibiya da kashe kifi. A ajiye ta inda ƙaramin yaro ba zai tsinki reshe ya kai baki ba, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an yi mata aski, kada ruwan ya shiga ido.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa shi yin shiru don kuɗin ba su da yawa, domin da ƙananan kuɗin mutane masu yawa waɗannan mutane suke tara nasu. Ya adana shaidar tura kuɗin da hoton tallar da duk saƙonnin da suka yi musaya, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ya kai rahoton shafin ga Facebook ko TikTok, sannan ya koma zauren WhatsApp ɗin da ya fara ganin tallar ya faɗa wa shugabannin zauren abin da ya faru domin su cire ta kafin wani ya tura nasa.