Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Peugeot 504 marar rufi

Jama'a, a yi hattara da wasu dillalai da suka ɓullo a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sha'awar tsofaffin motoci. Sun gane cewa Peugeot 504 Cabriolet, wato mai buɗaɗɗen sama, tana tsada sosai a Turai. Sai su samo 504 salun mai ƙofa huɗu irin tamu ta gida, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna, su kai wa fanabita ya yanke rufin, ya toshe ƙofofin baya da walda, a shafe da fila, a fesa jan fenti, a manna tambarin Pininfarina, kamfanin da ya ƙera jikin ta gasken, a gefe. Shi ke nan, a ɗora mata kuɗin da ya ninka nata sau da yawa.

Tambarin nan ba hujja ba ne, ana sayar da irinsa a intanet. Hujjar tana jikin motar. Coupé (mai ƙofa biyu da rufin ƙarfe) da Cabriolet na 504 sun fito ne a 1969, aka daina yin su a 1983, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinsu ya kuma ƙera shi, ba su yi tarayya da salun a ƙarfen jiki ba. Fitilunsu daban, gabansu daban, ƙofa biyu ce tun daga masana'anta, doguwa. Ka tafi da tef ɗin awo: daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, ta gaske mita 2.55 ce, salun kuwa 2.74. Wannan ba ya ɓoyuwa da fenti. Sannan ka bi gefen motar da maganaɗisu, bayan ƙofa. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika. Ɗaga kafet, duba ƙasan kujerar baya, za ka ga tabon walda idan an taɓa ta.

In dillalin ya ce maka injin V6 ne, wato mai silinda shida, ƙara buɗe ido. Sai a 1974 aka fara sa shi, kuma marasa rufi masu V6 ba su kai 1,000 ba a duniya baki ɗaya.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Rufin salun yana cikin abin da ke riƙe jikinta. An yanke shi ba a ƙarfafa ƙasa ba, motar za ta riƙa lanƙwasa a rami, ƙofa ta ƙi rufuwa, in kuwa aka yi haɗari, Allah Ya kiyaye, ba abin da zai tare mutum. Ga asarar lafiyayyar 504 da aka lalata a banza.

Wasu kuma ko motar ba su da ita. Hotuna ne suka kwaso daga shafukan gwanjon Faransa, su ce tana Kwatano, ka tura kafin alƙalami don wani Alhaji na zuwa da kuɗi gobe. Kada ka tura ko sisi. Ka ce ya yi maka kiran bidiyo a gaban motar, ya buɗe bonet ya nuna farantin lambar shasi. Ka kwafi lambar, ka gwada da ta takardun kwastan, sannan ka aika wa L'Aventure Peugeot da ke garin Sochaux a Faransa, masu kula da tarihin kamfanin, su tabbatar maka wace irin mota ce ta fito da wannan lambar. Ranar zuwa gani kuma ka tafi da tsohon bakaniken Fijo naka, ba wanda dillalin ya kawo ba.