Ozar zinare da ozar sukari ba ɗaya ba ne

Hajiya, kin ce kin ga ana faɗin farashin zinare na duniya a kan oza, kuma gwangwanin da aka kawo miki daga Amurka ma an rubuta oza a jikinsa, shin nauyinsu ɗaya ne? A'a, suna ne kawai ya haɗa su.

Ozar kayan masarufi, wadda ake auna sukari ko man shanu da ita a Amurka, giram 28.35 ce. Ta zinare da azurfa kuwa, wadda ake kira ozar Toroi, giram 31.1 ce. Kin ga ta zinare ta fi da kusan giram 3, kuma a harkar zinare giram 3 ba abin wasa ba ne, ya kai nauyin ƙaramin zobe.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne laba. Labar kayan masarufi oza 16 ce, wato giram 453.6 kamar yadda ƙasashe masu magana da Ingilishi suka daidaita a 1959. Labar Toroi oza 12 ce kacal, kusan giram 373. Ke nan idan aka ce laba ɗaya ta auduga da laba ɗaya ta zinare, wace ta fi nauyi, auduga ce ke cin gasar, duk da ozar zinaren ta fi tata girma. Ingila ma ta daina amfani da labar Toroi tun ƙarni na 19, ozar ce ta tsira.

Idan kin taɓa sayayya a Dubai ko wurin Indiyawa, za ki ji ana auna zinare da tola, ita kuma giram 11.66 ce.

Inda nake son ki kula sosai shi ne zakka. Nisabin zinare miskali 20 ne, malamai da yawa na lissafa shi giram 85. Da ozar sukari, giram 85 kusan oza 3 ne cif. Da ozar zinare kuwa bai wuce 2.7 da ɗoriya ba. Wanda ya ɗauka sai ya tara oza 3 na zinare zakka za ta hau kansa, to ya riga ya wuce nisabi da giram 8 bai sani ba.

Ni dai shawarata, ki bar oza wa masu karanta farashin duniya. Idan kin je shago, ki sa a ɗora gwal ɗin a sikeli a faɗa miki giram nawa ne, sannan ki tambayi karat nawa, wato ma'aunin tsabtar zinaren.